Minti 25 a Gaban Kyamara: Masu Koya wa Yaran Sin Turanci

Duk faɗin ƙasar Sin agogo ɗaya take bi a hukumance, na Beijin. Idan ƙarfe 6 na yamma ta yi, yara sun dawo daga makaranta sun ci abinci, sai a fara buɗe kwamfutoci tun daga Harbin can arewa mai ƙanƙara har Guangzhou da 'yan kasuwarmu suka sani. A daidai wannan sa'a, ƙarfe 6 ce ta safe a Niyu Yok in lokacin zafi ne, 5 ta asuba in hunturu ne. A Kalifoniya kuwa 3 ce ta dare, ko ma 2. Shekaru da dama, har zuwa ƙarshen 2021, dubban mutane a can sun ɗora rayuwarsu a kan wannan lissafi. Sukan tashi gari na barci, su wanke fuska, su zura riga mai ruwan goro, su kunna fitila, su zauna gaban kyamara da fara'a kamar hantsi ne, domin wani yaro ɗan shekara 6 yana jiran su a ɗaya gefen duniya.

Sana'ar ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da sarki kamar ƙira ko fawa, ba a kuma gadonta. Amma tana da kayan aikinta da ƙa'idojinta, da gwanayenta da 'yan koyonta, ta kuma riƙe gidaje masu yawa daga Teksas zuwa Manila. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne, da wuya ka sami sana'ar da gwanintar mai yinta ta yi zurfi haka, alhali abin da ya mallaka a cikinta bai taka kara ya karya ba. Ɗalibai ba nasa ba, darasi ba nasa ba, ƙofar ajin ma makullinta na hannun wani.

Sai an san irin ƙishirwar Turanci da ke Sin kafin a gane yadda kasuwar ta cika. A 2001, shekarar da ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka kuma ba Beijin ɗaukar nauyin wasannin Olamfik na 2008, ma'aikatar ilimi ta ba da umarnin a riƙa koyar da Turanci tun daga aji 3 na firamare. Can gaba kuma ga gaokao na jira, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ran 7 ga Yuni, wadda ɗalibai fiye da miliyan 10 ke rubutawa kowace shekara. A yawancin larduna maki 750 ne jimla, 150 daga ciki na harshen waje ne, kuma kusan kowa Turanci yake ɗauka. Nauyinsa ɗaya da na lissafi, ɗaya da na Sinancin kansa. Wanda ya ga yadda hankalin iyaye ke tashi a nan lokacin JAMB ya ɗan leƙa abin, sai dai a can tun yaro na makarantar reno ake fara shirin. Ga kuma dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015, musamman a birane. A gidaje da yawa manya shida ne a kan yaro guda: uwa da uba da kakanni huɗu. Duk burinsu da duk ajiyarsu a kansa suke sauka.

To amma makaranta jarrabawa take koyarwa. Aji na yara 40 ko 50, malama ɗaya, nahawu da hadda da cike gurbi. Yaro sai ya shekara goma a haka, ya iya karanta shafi guda ya amsa tambayoyinsa daidai, amma ya haɗu da baƙo bakinsa ya ƙi buɗuwa. Sinawa da kansu suka raɗa wa abin suna, yaba yingyu, wato Turancin bebe. Iyayen da suka fito da wannan tabo su ne ba sa so 'ya'yansu su gaje shi. A da sai mai hali a Beijin ko Shanghai ke iya kai ɗansa cibiyar da ke da malami Bature. Da intanet mai sauri ta shiga gidaje, kuma biyan kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, sai ma'aikacin gwamnati a ƙaramin birni ma ya ga zai iya.

Kamfanoni biyu ne suka fi shahara, kowanne da hanyarsa. 51Talk, da aka kafa a Beijin a 2011, ya dogara ne ga malamai 'yan Filifin, waɗanda agogonsu ɗaya da na Sin, kuma a 2016 ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyu Yok. VIPKid kuwa wata mata ce, Cindy Mi, ta kafa shi a 2013. Ita kanta barin sakandare ta yi tana wajen shekara 17, ta shiga harkar koyar da Turanci tare da wani kawunta. Abin da ta sayar wa iyaye shi ne malamin Amurka ko Kanada, shi da yaronka kaɗai. Kuɗi suka yi ta kwarara daga manyan masu zuba jari irin su Tencent, har da asusun ɗan wasan kwando Kobe Bryant, kuma a 2018 an ƙiyasta darajar kamfanin sama da dala biliyan 3. A ganiyarsa yakan ce yana da malamai wajen 100,000. Bayansu akwai DaDa da Qkids da Magic Ears, da GoGoKid na kamfanin ByteDance mai TikTok.

Amma sana'ar ba a ofisoshin Beijin take ba. Tana cikin minti 25 ɗin nan.

Haka tsawon darasi yake, ba ƙari. Minti 5 da suka rage a rabin awa su ne na kurɓar ruwa, da zagayawa, da fara rubuta rahoton yaron da aka sallama, da jawo kayan mai shigowa. Malama mai kasuwa, da yake da yawansu mata ne, takan jera darasi 6 ko 8 a haka ba ta tashi ba. Ba ita ke tsara abin da za a koyar ba. Kamfani ya riga ya shirya shafuka masu hotuna, kusan shafi ɗaya ga kowane minti, suna bayyana a gabanta da gaban yaron lokaci guda, kowa na iya zana da'ira ko ja layi ɗayan ya gani. Kayan aikinta kuwa kaɗan ne: kwamfuta mai kyamara, abin sawa a kunne mai makirfo, fitilar da ke haska fuska, ɗan farin allo na hannu, katunan haruffa, 'yar tsana ɗaya ko biyu, da kwando cike da tarkacen wasa, su ayabar roba da ƙaramar mota da hular sarki. Bangon bayanta ta ƙawata shi da sunanta da launuka. Wasu a ɗakin ajiye tufafi suke kafa ajin, don kada muryarsu ta tashi mutanen gida da tsakar dare.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, ta yaya wadda ba ta jin Sinanci za ta koyar da ɗan shekara 5 da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba? Da jiki take yi. Hanyar ta samo asali daga wani malamin jami'a a San Jose da ke Kalifoniya, James Asher, wanda a shekarun 1960 ya lura cewa jariri yakan daɗe yana amsa magana da motsi kafin ya furta komai, ya kuma gina tsarin koyarwa a kan haka. Masu sana'ar TPR suke ce masa. Malama za ta nuna bakinta da yatsa, ma'ana saurara ni. Ta faɗi kalmar a hankali. Sannan ta kai tafin hannu bayan kunne ta karkato kai, ma'ana saura kai. In tana so ya zana da'ira, sai ta zana ta a iska. Babba, ta ware hannuwa har su fita daga hoton. Ƙarami, ta matse yatsu biyu ta ƙanƙance ido. Idan yaron ya ƙi magana sam, sai ta juya ga 'yar tsana ta yi mata tambayar, ta amsa da wata murya, ta yaba mata, sannan ta dawo kansa. Yaro da ke jin nauyin babba yakan saki jiki da kare na tsumma.

Abin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne rage magana. Mutum in ya ga ba a gane shi ba, ƙara bayani yake yi, kuma a wannan aji kowace kalmar da aka ƙara wani dutse ne a kan yaron. Gwana takan yi da kalma biyu abin da 'yar koyo ke yi da goma sha biyar. Bayan wannan sai jure shiru. Ta yi tambaya, yaron ya zuba mata ido, leɓensa na motsi. Daƙiƙa biyar a gaban kyamara kamar shekara ce, ga agogo na tafiya, ga shafuka goma ba a taɓa ba. Wadda ba ta ƙware ba sai ta ba shi amsa don ta huta. Wadda ta ƙware takan riƙe murmushinta ta jira, domin ta san a cikin shirun nan ne harshen ke neman hanyar fita. A ganina nan ne asalin gwanintar take, kuma malaman allo namu da suka san lokacin da ake ɗora wa yaro baƙi da lokacin da ake barinsa ya lalubo da kansa za su gane ta nan take.

Akwai kuma mutum na uku a ajin, wanda kyamara ba ta cika nunawa ba. Uwa ce zaune a gefe, wani lokaci gefen kafaɗarta kawai ake gani, tana raɗa masa amsa. Malama ba ta da ikon ce mata ta yi shiru, don ita ce mai biya. Ba ta kuma so ta gyara kuskuren yaron ta hanyar da zai ji kunya gaban mahaifiyarsa, domin zubar da mutunci a idon mutane, abin da Sinawa ke kira rasa fuska, babban abu ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Don haka ba a cewa ka yi kuskure. Maimaita jimlar ake yi daidai, da fara'a, a sa hannu a kunne, ya sake faɗa. In ya dace, a danna masa tauraro ya faɗo da ƙara a fuskar kwamfutarsa. Kowace malama kuma tana da tata ladar ta daban: a ɗora wa hoton biri ayaba ɗaya bayan ɗaya, ko a buɗe kofuna a nemo abin da aka ɓoye. Wanda bai sani ba zai ce wasa ne. Da wannan wasan ake riƙe hankalin yaron da ya wuni a makaranta, ya yi aikin gida, ya je koyon piyano, kafin a zaunar da shi nan.

Bahaushen da ya sha fama da bambanta p da f a ajin Turanci zai tausaya wa yaron Sin, zai ma riga Ba'amurke gane inda yake tuntuɓe. Gaɓar kalma a Sinancin Mandarin da wasali take ƙarewa, ko da sautin n ko ng, don haka tarin baƙaƙen Turanci kan tsaya masa a wuya, ya yi ta cusa wasula a tsakani. Abin da kakanninmu suka yi ke nan har muka sami burodi da bokiti. Sautin th babu shi a harshensa, sai ya mai da shi s. A wasu lardunan kudu, irin su Sichuan da Hunan, l da n kan cakuɗe. Wani abin sha'awa, a bakin Basine kalma ɗaya ce, ta, ke nufin shi da ita, a rubuce ne kawai suka bambanta, shi ya sa yaro zai yi ta ce wa mahaifiyarsa he ba tare da ya ji wani abu ya karkace ba. Aikatau ba ya sauya siffa don nuna lokaci, kalmar jiya ko gobe ko wani ɗan ƙari ne ke ɗaukar nauyin, kusa da yadda mu ma a na tafi da zan tafi ba tafi ɗin ne ke canzawa ba. Sai ga Turanci ya zo masa da go da went da gone. Harshensa kuma mai karin sauti ne: ma na iya zama uwa ko doki gwargwadon hawa da saukar murya, kamar kukan yaro da kukar miya a namu. Turanci ba ya haka, hawan muryarsa a kan jimla yake, don tambaya ko mamaki. Malamar da ta san waɗannan ramuka takan hango su tun kafin yaron ya faɗa.

Da darasi ya ƙare, sai kasuwa ta karɓa. A lokacin, a kamfanoni irin su VIPKid, iyaye ne ke zaɓen malami, da hoto da ɗan gajeren bidiyon gabatar da kai. Su ne kuma ke ba da maki bayan aji, a VIPKid da tuffa ake bayarwa, daga ɗaya zuwa biyar. Sabuwar malama za ta iya buɗe lokutanta ta yi makonni ba wanda ya tanka. Tsohuwa mai suna kuwa cikin 'yan mintuna ake cinye mata mako guda. Kafin rufewar 2021, kamfanin yakan tallata dala 14 zuwa 22 a awa, wato ainihin kuɗin darasi da 'yan ƙarin da ake samu in an zo kan lokaci, an kuma cika wani adadi a wata. Ga malamin makarantar gwamnati a jiha irin Oklahoma ko Arizona, inda malamai suka yi yajin aiki a 2018 saboda ƙarancin albashi, awa biyu kafin a tafi makaranta kuɗin haya ne. Haka ga mai goyo da ba ta son fita, da matar soja da ake yi wa mijinta canjin wurin aiki a kai a kai, da ɗan fansho, da matashin da ya tare a Tailan ko Meziko yana cin dalarsa inda rayuwa ke da araha.

Sai dai a lokacin malaman ba ma'aikata ba ne a idon doka. 'Yan kwantiragi ne, na wata 6, ba inshorar lafiya, ba fansho, ba hutun rashin lafiya. Ka soke darasi a ƙurarren lokaci a yanke maka kuɗi, sokewar ta yi yawa a ƙi sabunta maka kwantiragi. An sha jin labarin masu koyarwa da zazzaɓi a jikinsu don tsoron haka. Yarjejeniyar kuma ta hana malami hulɗa da iyaye a wajen manhaja. Yaron da kika koyar shekara uku, kika ga faɗuwar haƙoransa da fitowar sababbi, ba ki da lambar gidansu.

Akwai wani abu a kasuwar da ba zan iya wuce shi ba, don ya shafe mu kai tsaye. Farashi ba gwaninta yake bi ba, fasfo yake bi. Malama a Cebu ko Davao da ke Filifin, mai digirin koyarwa, tana yin darasi iri ɗaya na minti 25 da irin wannan tsalle da murmushi, amma abin da take samu sau da yawa ko kashi ɗaya cikin huɗu na takwararta ta Amurka bai kai ba. A wancan lokacin manyan kamfanonin da ke biya da kyau sukan taƙaita ɗauka ga Amurka da Kanada, wasu su ƙara Birtaniya da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Ɗan Nijeriya ko Gana ko Kenya, wanda da Turanci ya yi karatunsa tun daga firamare har jami'a, yawanci tun a shafin farko na neman aiki ake tsayar da shi. Baƙaƙen fata 'yan Amurka ma, da fasfonsu a hannu, da yawa sun koka cewa iyaye kan tsallake hotonsu. Kamfani zai ce abin da mai saye ke so ke nan. Ni dai ina ganin hasarar ta yaron ce. Turancin da zai tarar in ya girma, a Legas ko Dubai ko Mumbai, yawancinsa daga bakin waɗanda suka koye shi ne kamar shi, kuma wanda ya hau tsani da ƙafarsa ya fi sanin inda matakalar ke da santsi.

Abin takaicin shi ne agogo ma namu ya fi dacewa. Tazarar awa 7 ce tsakanin Beijin da Kano ko Yamai, saboda haka 6 zuwa 9 na yamma a can, 11 na safe ne zuwa 2 na rana a nan. Ba tashin dare, ba hana ido barci. Waɗanda suka samu shiga daga wannan yanki ta dandalin da kowa ke iya buɗe shafinsa suka bi, irin su italki da Preply, inda malami ke sa farashinsa a cire wa dandali kasonsa. Nasu cikas ɗin daban ne: wutar da ke ɗaukewa a tsakiyar jimla, janareton da ƙararsa ke shiga makirfo, intanet da ke yankewa in hadari ya taso, da wahalar karɓo kuɗi daga waje. Mai niyya da gaske sai ya tanadi sola ko batirin ajiye wuta, da layin waya biyu, da takardar shaidar koyar da Turanci ta awa 120 da ake kira TEFL. Ya kuma yi hattara da duk wanda ya ce sai an biya shi kuɗin rajista kafin ya ba da ɗalibai.

Kyamara taga ce, kuma malamai sun ga abubuwa ta cikinta. Sun ga kaka ta miƙo wa jikanta yankan kankana a tsakiyar darasi, sun koyar da yaro a bayan mota ko a gidan cin abinci, an nuna musu jan ambulan na kuɗin sabuwar shekara. Sun kuma ga abin da ba sa son gani. A 2019 mujallar Wired da jaridar EdSurge sun wallafa bayanan malaman da suka ce an mari yaro ko an doke shi a gabansu don ya kasa amsa, su kuma ba abin da za su iya sai rubuta wa kamfani rahoto. Akwai kuma maganganun siyasa da ba a taɓawa: Taiwan, Tibet, Tiyananmen. Taswirar da ke manne a bangon malama ma tana iya jawo mata gargaɗi in iyakokinta sun saɓa wa yadda hukumomin Beijin ke zanawa.

Annobar korona a 2020 ta rufe makarantu ta tura kowa kan intanet, kasuwa ta yi cikar da ba ta taɓa yi ba. Ba ta daɗe ba. Ran 24 ga Yuli 2021 aka fitar da takardar da Sinawa ke kira shuang jian, ragi biyu: a rage wa yara aikin gida, a rage darasin bayan makaranta. Ta hana neman riba da koyar da darussan makaranta ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare, ta hana darasi a ƙarshen mako da lokacin hutu, ta ce na intanet kada ya wuce 9 na dare. Sannan ga layi ɗaya da ya yanke wannan sana'a daga tushe: an haramta ɗaukar malaman waje da ke zaune a wajen ƙasar.

Gaskiya dalilan gwamnatin ba na banza ba ne. Kuɗin darasi ya zame wa iyaye ƙarfen ƙafa, kowa na biya don maƙwabcinsa na biya. Sinawa suna da kalmar jiwa ga yaron da iyaye ke yi wa ɗurar karatu ba hutu, da neijuan ga gasar da kowa ke ƙara gudu amma ba mai ci gaba. Ƙidayar 2020 ta nuna jarirai miliyan 12 kacal aka haifa a shekarar, a watan Mayun 2021 aka sanar da halatta 'ya'ya uku, kuma ma'aurata na cewa ɗayan ma da ƙyar. Malaman da kansu sun san yaran da ke gyangyaɗi a gaban kyamara ƙarfe 9 na dare. Amma saukar dokar a kan masu aikin ba ta zo da sassauci ba. GoGoKid ya rufe a farkon Agusta. VIPKid ya daina sayar da sababbin darussa a watan, kafin ƙarshen shekara kuma ya rufe ajin yaran cikin ƙasar da malaman waje. Ɗan kwantiragi ba shi da kuɗin sallama. A cikin gida ma guguwar ta yi ɓarna: New Oriental na Yu Minhong, wanda tun 1993 yake harkar, ya sallami ma'aikata wajen 60,000, ya kyautar da kujerun ajinsa ga makarantun karkara, ya koma sayar da amfanin gona ta bidiyo kai tsaye. A 2022 ɗaya daga malamansa, Dong Yuhui, ya yi suna a duk ƙasar yana tallar shinkafa da nama yana rubuta sunayensu da Turanci a ɗan farin allo.

Sana'ar ba ta mutu ba, rarrabuwa ta yi. Dokar ba ta shafi manya ba, saboda haka masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS da ma'aikatan kamfanonin fitar da kaya suna nan suna neman malamai. 51Talk ya rabu da harkarsa ta babban yankin Sin ya juya ga yaran Hong Kong da Maleshiya da Saudiyya. Dubban malamai sun tuɗaɗa cikin dandalin kowa da kowa, farashi ya faɗi, ga kuma manhajojin da ke hira da ɗalibi ba mutum a ciki suna ƙara matse na ƙasa.

Wasu malamai kuwa da ɗalibansu suka fita. A makonnin ƙarshe na kakar 2021, da kowa ya san rufewa za a yi, sharaɗin hana hulɗa ya daina tsorata mutane. Malamai suka riƙa saƙa adireshinsu a cikin rahoton darasi, ko su rubuta sunansu na manhajar WeChat a ɗan farin allon da suke koyar da haruffa su ɗaga shi. Uwar da shekara da shekaru gefen kafaɗarta kawai ake gani ta shigo cikin hoton, da waya a hannu, tana ɗauka. Daga nan aka koma yi a tsakanin gida da gida, ta Zoom ko ClassIn ko VooV, ba tare da inuwar doka ba, malama ta tsara darasinta da kanta, ta yanka farashinta, ta san yadda za ta fito da kuɗinta daga Sin. Wadda a da take da yara hamsin yanzu takwas ne ko goma. Har yau da asuba take tashi.